Malama Iklima, Mai Juyo da Jirgi

Kowace safiya, kafin ta hura wutar koko, Malama Iklima takan jiƙa ƙaro a wani ɗan ƙoƙo da ya yi baƙi don tsufa. Sai ta share zauren gidanta, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da littattafan nan ɗaya bayan ɗaya tana shafa su da tafin hannu. Inda ta ji takarda ta ɗago, sai ta tsoma gashin kaza a ƙaron ta manne ta, ta danne da ɗan dutsen niƙa. Da la'asar yara su cika zauren, waɗansu daga cikin gari, waɗansu daga rugagen bayan gari, ta zaunar da su a tabarma ta ce a buɗe jirgi. Haka take yi tun tana koyarwa a firamare, haka ta ci gaba bayan ta yi ritaya. A watan nan ne idonta ya gaza, za ta miƙa akwatin ga wata tsohuwar ɗalibarta, Mu'minat. Shi ya sa muka ga bai kamata ta sauka shiru ba.

Wanda bai san Illela ba zai ce me ke cikin 'yan littattafan yara da har za a yi musu dogon zance. To, garinmu garin bakin iyaka ne, kuma a nan jaka ba ta wucewa ba a bincike ta ba, ko da da ido ne. Mutum ya sayi sabon babur, a ce me ya tsallako da shi. Ya rame, a ce an kama masa kaya. A irin wannan gari ne mace ta share shekaru tana karanta wa yara labarin jirgin teku, alhali babban ruwan da yawancinsu suka taɓa gani shi ne tafkin Kalmalo.

Su kansu littattafan ba ta ƙofa suka shigo ba. A cikin dilar gwanjo aka tsince su, mai dilar ya ba wata mai ƙosai ta riƙa ƙunshi da su. Wata safiya Malama ta sayi ƙosai, ta warware takardar, sai ga hoton wani mutum ba riga, gumi na tsiyaya, yana watsa gawayi da shebur a bakin wuta. Ta koma wurin mai ƙosan da ƙunshin tsofaffin jaridu, aka yi musaya, ta kuɓutar da abin da ya rage. Duk labarin jirgi guda ne, wani ƙaton jirgin fasinja na zamanin da, mai hawa a kan hawa, wanda ke ratsa teku da ƙarfin gawayi. Kowane littafi yana bin ma'aikaci ɗaya tun tashin jirgin har isarsa: mai zuba gawayi, mai gasa burodi, mata masu wanki da guga. Da Faransanci aka rubuta su, ita kuwa ba ta jin Faransanci. Sai ta riƙa tsallaka iyaka zuwa Ƙonni wurin Mushe Boyi, wani tsohon malamin makaranta na can, inda ake ce wa malamin boko Mushe, ya karanta ya gaya mata abin da aka ce, ta dawo gida ta rubuta da Hausarta a siraran takardu, ta manna a kan na Faransancin. Sunan jirgin ya gagari harshen yara, suka raɗa masa Gwaggo, wai saboda faɗinsa da yadda yake goya kowa.

Waɗanda suka zauna a zauren nan sun shaida abu guda. Idan an zo shafin masu kuɗi da ke shan iska a saman jirgi, Malama ba ta daɗewa. Takan ce waɗannan zaune suke, a sauka ƙasa wurin masu aiki. Abdulmalik, wanda ke da gidan burodi a hanyar kasuwa, ya ce yana yaro kunyar sana'ar ubansa ta gasa burodi yake ji, har ranar da ya karanta da bakinsa yadda mai burodin Gwaggo ke ɗaure tire da igiya don kada igiyar ruwa ta watsar masa da ƙulli, kuma in ya makara jirgin gaba ɗaya da yunwa zai tashi. Raliya, 'yar ruga da ke aiki a ɗakin shan magani yanzu, ta ce kalmar farko da ta iya haɗawa da kanta ita ce shebur.

Ke ce, Malama, kika tsamo littafi daga mai da yaji kika mayar da shi makaranta. Ke ce kika nuna wa 'ya'yanmu cewa ƙaton jirgi ma hannun mai gumi ke tafiyar da shi. Amma da wannan ne kaɗai labarinki, da mun yi godiya a taƙaice mun tashi. Akwai Kubra.

Kubra 'yar kasuwa ce, tana tsallakawa da daddawa da yaji, ta dawo da dabino da cuku. Ɗanta na fari shi ne Jabiru, kuma kamar yadda aka saba da ɗan fari, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce babban. A zamaninsa babu wanda ya kai shi karatu a zauren Malama. Littafin mai zuba gawayi ne abin ƙaunarsa, yakan aro shi ya kwana da shi, har Kubra ta haddace hotunan ba ta sani ba. Shafin farko bakin teku ne, wata mata ta ɗaga hannu da ƙyalle, mai gawayin yana kan tsanin jirgi da ƙunshinsa. Shafin ƙarshe kuwa wani birni ne mai dogayen gidaje da fitilu. Wannan birnin Jabiru ya zana da gawayi a bangon tsakar gidansu.

Da ya girma, wani rani ya ce zai je Ƙonni dako. Sai daga baya aka ji an gan shi a motar Agadas. Ya kira sau ɗaya daga bayan hamada, ya ce sun kusa ruwa, a yi masa addu'a. Tun daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Mijinta ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Mutane suka ce rashin aiki ne, da waya, da abokai, kuma ga 'ya'yan wane da wane da suka tafi ba su taɓa riƙe littafi ba. Kubra ta ji duk wannan, amma kullum ta ɗauki tsintsiya sai idonta ya faɗa kan zanen bangon nan, wanda ta hana a yaɓe. Baƙin ciki ya daɗe yana cinta, yana neman wanda zai kama. Ran da ƙaramar 'yarta Farida ta dawo daga zauren Malama ta durƙusa a tsakar gida tana zana jirgi da tsinke, har da hayaƙi, Kubra ta zo ta tsaya a kanta. Ta goge zanen da ƙafa, ta shiga ɗaki ta zauna. Tsoro ne ya kama ta, tsoron kada abin da ya ɗauke babban ya dawo ya fara lallaɓar ƙaramar.

Daga nan ta sa wa Malama ido. Abin da ta fara lura da shi shi ne, duk ranar kasuwar Ƙonni sai ta ga Malama ta tsallaka, ba ta saye ba ta sayarwa. Fassara dai an gama ta tun Jabiru na sa gajeren wando. To me ya rage mata a can? Wata rana Kubra ta bar kayanta wurin maƙwabciyar rumfa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta bi ta a baya. Malama ta biya ta gidan Mushe Boyi, suka fito tare, suka miƙe sai tashar da motocin arewa ke lodi. Kubra ta laɓe a bayan wata mota tana kallo. Ta ga sun ja wani direba gefe, ana magana ƙasa-ƙasa. Ta ga Malama tana gwada tsayin mutum da hannu, direban yana gyaɗa kai, har ya ciro waya ya danna wani abu. Suka bar shi suka koma kan wani direban. Kubra ta juya ta koma rumfarta.

Mutum ɗaya ta gaya wa, ta kuma ce a riƙe mata sirri. Kafin kasuwa ta zagayo gari ya ɗauka. Aka ce Malama Iklima 'yar kamasho ce ta masu safarar mutane, tana dasa wa yara son ruwa tun suna ƙanana, in sun girma ta miƙa su ga direbobi. Wani ya ce ai shi tun da can bai yarda da littafin da ba a san wanda ya aiko da shi ba. Wata ta ce ta taɓa jin ƙamshin turaren waje a zauren. Abin takaici, har da waɗanda 'ya'yansu suka iya karatu a kan tabarmar nan, su ne suka fi kowa ƙarin gishiri. Iyaye suka janye yara. Mata suka riƙa amsa gaisuwarta a daƙile. Zauren ya koma sai 'yan yaran ruga da maganar ba ta kai wa iyayensu ba.

Malama ba ta ce uffan ba. Ta ci gaba da jiƙa ƙaronta da safe, ta ci gaba da tsallakawa ranar kasuwa. Gaskiya shirun nan ya ba masu ƙaunarta haushi, don a garinmu wanda aka zarga ya yi shiru, an gama yanke masa hukunci. Kubra kuwa shirun ya ƙara tabbatar mata da abin da ta gani.

Ta hana Farida zuwa, har da rantsuwa. Wata la'asar ta aike ta niƙa, yarinya ta daɗe ba ta dawo ba. Kubra ba ta tambayi kowa ba, ta san inda za ta same ta. Ta ɗauki ashana ta ɗaure a bakin mayafi, ta fita da niyyar yau Gwaggo zai ci wuta, kowa ya huta.

Tun kafin ta kai ƙofar zauren ta jiyo muryar 'yarta tana karatu. Ta tsaya a jikin bango don ta kama su da hujja. Abin da ta ji ya ɗaure mata kai. Farida na karanta cewa mai zuba gawayi ya gaji da birnin mutane, fitilu sun yi yawa amma babu wanda ya san sunansa, don haka ya ɗaure ƙunshinsa ya nemi aiki a jirgin da zai kai shi gida. Kubra ta leƙa. Littafin nan ne dai, ta gane shi da tabon man da ke bangonsa. Sai dai Farida ta riƙe shi yadda ake riƙe littafin Larabci, ta buɗe shi ta dama, kuma birnin mai fitilu shi ne a shafin farko.

Ta shiga ba sallama. Farida ta sunkuyar da kai.

"Malama, littahin ga ba haka shike ba," in ji Kubra. "Na san shi, ya kwana ɗakina. Birnin ga ƙarshe shike."

"Da can ƙarshe shike. Na juya shi."

"Yaushe?"

"Makon da anka ce ɗanki ya tahi."

Kubra ta yi wani murmushi mai ɗaci. "Ashe ke ma kin yarda ke kinka tura shi."

Malama ta ɗago kai ta dube ta. "Ban sani ba, Kubra. Wallahi ban sani ba. Ke bana kinka zarge ni, ni tun ranar nike zargin kaina."

Sannan ta faɗi yadda aka yi, a hankali, ba ta kare kanta ba. Ƙananan yara da suka fara da Islamiyya, in ka ba su littafin boko, ta dama suke buɗewa, wato ta baya. Ta yi shekaru tana buge musu hannu tana juya musu shi. A makon da labarin Jabiru ya zo, Malama tana zaune a zauren, sai wata 'yar ƙarama ta ɗauki littafin mai gawayi ta buɗe ta baya, tana bin hotuna tana ƙirƙiro labari da bakinta. Ta faro daga birni, ta ratsa teku, ta ƙare a hoton matar nan mai ƙyalle. Sai ta ce ga innarsa ta zo tarbarsa. Malama ta karɓi littafin ta daɗe tana kallo. Mutumin da ke kan tsani a gefe aka zana shi, ba ka iya cewa hawa yake ko sauka. Hannun da aka ɗaga kuwa, ban kwana da maraba duk ɗaga shi ɗaya ne. A makon ta jiƙa dukkan siraran takardun da ta manna, ta ɓamɓare su, ta sake rubuta kowane littafi daga baya zuwa gaba. Tun daga lokacin Gwaggo bai sake barin gida ba, kullum dawowa yake yi. Aikin cikinsa na nan yadda yake, gumi da wuta da wanki. Abin da ya ba ta wahala shi ne tulin gawayi da buhunan fulawa, waɗanda yanzu suke ƙaruwa a hoto maimakon raguwa. Da yara suka tambaya, sai ta ce musu tsaraba ce.

Kubra ba ta sauko ba. "To direbobin Agadas hwa? Da idona nig gan ki."

Malama ta ce gaskiya ne, ta gan ta. Mushe Boyi ya koyar da direbobin nan da dama suna yara, suna jin kunyarsa. Shi ya sa take jan shi duk ranar kasuwa su je su yi cigiya. Takan kwatanta musu tsayin Jabiru da tabon da ke girarsa ta hagu, da na sauran yaran gari da suka bi hanyar, ko wani ya ɗauko su, ko wani ya ji labarinsu a can gaba. Kubra ta tambaye ta abin da ya hana ta faɗi, ta bari gari ya yi ta cin namanta.

"In ce miki mi? Ban samo komi ba. In zo miki hannu wohi, in tada miki ciwo?"

Kubra na tsaye, hannunta a kan ƙullin ashanar. Malama ta juya ta ce wa Farida ta ƙarasa, ba a barin jirgi a tsakiyar ruwa. Yarinya ta ci gaba, ta wuce ɗakin wuta, ta wuce daren guguwa, har ta kai shafin ƙarshe. A ƙarƙashin hoton matar mai ƙyalle, Malama ta rubuta sannu da zuwa, sannan ta bar fili ba rubutu. Al'adar zauren ita ce mai karatu ya sa sunan wanda ya yi masa nisa. Yaran ruga kan sa sunan iyayensu da suka tafi da shanu. Farida ta saci kallon uwarta, ta karanta.

"Sannu da zuwa, Yaya Jabiru."

Kubra ta zame ta zauna a bakin tabarma. Yaran da ke wurin sun ce ba ta yi kuka ba. Sun dai ga ta miƙa hannu ta taɓa hoton matar, leɓɓanta suna motsi da sunan nan da ba ta taɓa faɗi ba. Ashanar ta koma gida a ɗaure.

Ba za mu ce zuciyarta ta wanke sarai ba. Har gobe takan ce da littattafan nan ba su shigo gari ba, wa ya sani. Malama ma ba ta musa mata. Amma Kubra ta bi gidajen da maganarta ta shiga, ƙafa da ƙafa, ta faɗi abin da ta gani da abin da ta ji. Gyaran bai yi saurin ɓarnar ba. Waɗansu sun dawo da 'ya'yansu, waɗansu har yau suna cewa a dai yi hattara. Jabiru kuwa babu labarinsa har yanzu. Da idon Malama ya fara gazawa, tsallakawa ta gagare ta ita kaɗai, sai aka wayi gari ranar kasuwa aka ga Kubra ta riƙe mata hannu sun nufi iyaka. Masu zaman bakin hanya suka bi su da ido, don hali ba ya barin mai shi, suna tambayar juna me kuma waɗannan biyun suke ƙullawa.

Malama Iklima, mai ƙaro da gashin kaza, mai juyo da jirgi. Ke ce kika tuhumi aikin hannunki kafin kowa ya tuhume ki, kuma da kika tuhume shi ba ki jefar da shi ba, zama kika yi kika gyara. Ke ce kika koyi karatu daga kuskuren 'yar ƙaramar yarinya bayan kin yi shekaru kina buge wa irinta hannu. Mun zarge ki kina cigiyar 'ya'yanmu a tasha, kin ji, kin haɗiye, washegari kika jiƙa ƙaro. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sanyaya miki idonki, ya sa wata rana direba ya tare ki da labari mai daɗi.

Mu kuma da muka rage, malamai da iyaye, mu dubi abin da muke sa wa yara a hannu, mu tambayi kanmu ina yake kai su, kamar yadda ta tambayi kanta. Kuma kafin mu ɗauki maganar mutum mu kai kasuwa, mu taka mu je zaurensa mu ji. Mu'minat ta yi alkawarin akwatin zai ci gaba da fitowa, kuma filin nan na shafin ƙarshe ba za a cike shi ba. Duk wanda nasa ya yi nisa, ya leƙa da la'asar. Zai tarar da Kubra zaune a bakin ƙofa. In ya tambaye ta, za ta ce masa sa ido ta zo yi, amma ba ta tashi sai jirgin ya iso.